Daga Shimfiɗar Jinya Zuwa Bayan Takaba: Jagora Ga Mai Tsaya Wa Gidan Da Aka Yi Rashi

A Maradi ba a barin gidan rasuwa da kaɗaici. Kafin a gama wanka labari ya zaga unguwa, an ba da sanarwa a rediyo da WhatsApp, an kafa rumfa, maƙwabta sun fito da tabarmi da butoci, mata sun aza tukwane. Daga unguwar Zariya har Bagalam, daga Tibiri har Madarunfa, wannan aiki mun iya shi. Rauninmu a wuri biyu yake: makonnin da ke gabanin mutuwa, lokacin da kowa ya gane inda ciwo ya dosa amma ba mai iya furtawa, da watannin da ke bayanta, lokacin da aka naɗe tabarmi aka bar mutum shi da ɗaki. Jagorar nan ta wuraren nan biyu ce. Na rubuta ta don mutumin nan guda da ake samu a kowane dangi, wanda lamura ke komawa hannunsa, ko babbar ɗiya ce, ko ƙanen maigida, ko aminiyar uwargida, ko malamin unguwa.

Mataki na farko: ka samo gaskiyar ciwon, a kashe zafi

Idan likita ya ce "ku koma da shi gida," dangi kan ji kamar an ce babu sauran abin yi. Akwai, kuma da yawa. Kafin ku bar asibiti ka ja mutum ɗaya mai natsuwa ku koma wurin likitan da tambayoyi uku: me za mu gani a jikinsa a makonni masu zuwa, wane magani za a ba shi don zafi da sarƙewar numfashi kuma bayan awa nawa, wa za mu nema idan abu ya tsananta da dare. A rubuta amsar a takarda, don kan mai jinya ba ya riƙe magana.

Maganin zafi shi ne gaba da komai, har da nasiha. Wanda ciwon daji ke cin ƙashinsa ba ya iya tasbihi da natsuwa, ba ya iya wasiyya. Tun 1986 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da tsarin hawa uku: a fara da irin su farasitamol, in bai isa ba a hau zuwa masu matsakaicin ƙarfi, in bai isa ba a ba da mofin. Ƙa'idarsa ita ce a sha bisa agogo, kada a jira zafin ya dawo. Mutane na tsoron mofin, suna cewa allurar sallama ce. Idan likita ne ya auna shi daidai ba ya gaggauta ajali, kuma a Uganda tun 1993 ake kai wa majinyata ruwan mofin har gida. Abin da za ka guje wa shi ne ƙwayoyin masu talla a faranti, waɗanda ba a san ƙarfinsu ba balle asalinsu.

Sauran hidimar ta hannu ce. A juya shi kowane awa biyu don kada bayansa ya yi gyambo. A riƙa jiƙa masa leɓe. In ya daina son abinci kada a ɗura masa fura da ƙarfi. Jiki ne ke rage buƙatarsa, kuma ɗuren na sa shi ƙwarewa. In alwala ta gagara a kawo masa dutse ko ƙasa mai tsarki ya yi taimama, ya yi salla a zaune ko a kwance bisa gefensa, kamar yadda Annabi (SAW) ya umurci Imrana ɗan Husaini. Tsoho da yawa rashin salla ya fi ciwon damunsa, sai dai ba ya faɗa.

Mataki na biyu: buɗe ƙofar magana

Kara ta sa duk wanda ya shigo cewa yake "za ku tashi, Baba, jiki ya yi kyau." Mara lafiya ya san jikinsa fiye da mu. Idan kowa ya dage a kan za ya tashi, sai ya haɗiye abin da ke ransa don kada ya tayar mana da hankali, mu ma muna ɓoye masa don kada mu tayar masa, a haka har lokaci ya ƙure.

Ba a ce ka shiga ka yi masa shelar mutuwa ba. Ranar kowa Allah kaɗai ya sani. Zaɓi lokacin da ɗaki ya yi sauƙin mutane, bayan asuba ko bayan isha'i, ka zauna ƙasa kusa da kansa, ka yi tambaya ɗaya: "Baba, yaya kuke jin jikin nan naku a ranku?" ko "Inna, akwai wanda kuke so a kira muku?" Daga nan ka kama bakinka. Shirun zai yi maka nauyi, ka daure. In ya ce "ni dai ba na jin zan tashi," kada ka ce "haba Baba, ku daina faɗin haka," don ka rufe ƙofar ke nan. Ka ce: "Rai na hannun Allah, Baba. Me kuke so mu yi tun yanzu?" In kuwa ya kau da zancen, ka bar shi, ka sake gwadawa wata rana. Akwai wanda har ƙarshe ba ya son a taɓo maganar, kuma haƙƙinsa ne.

Abu uku suka fi fitowa idan ƙofar ta buɗe. Na farko bashi da amana. Garinmu garin fatauci ne, kuma dukiya mai yawa tsakanin Maradi da Jibiya da Katsina da Kano a baki take, ba takarda: kayan da aka karɓa sai an sayar, gonar da aka jinginar, zubin adashi, kuɗin marayu da aka ba shi ajiya. Hadisi ya ce ran mumini a rataye yake da bashinsa har a biya. A kira shaidu biyu, a rubuta wa yake bi, wa ke binsa, in ya yarda a naɗi muryarsa a waya. Na biyu wasiyya, wadda ba ta wuce sulusin dukiya, kamar yadda aka iyakance wa Sa'adu ɗan Abi Waƙƙas, kuma ba a yin ta ga mai gado. Na uku yafiya: wa da ƙane da suka shekara goma ba sa gaisawa saboda gona, ɗiyar da aka yi fushi da aurenta. Kai kai saƙo kawai, kada ka tilasta wa kowa. Yafiyar da aka matso a gaban taro ba ta kwantar da ran kowa.

Wani likitan ƙwaƙwalwa na Kanada, Harvey Chochinov, ya tsara wata hanya ga masu jinyar ƙarshe: a tambaye su tarihinsu, abin da suke alfahari da shi, da abin da suke so a gaya wa na baya, a rubuta a bar wa iyali. Wannan ba ya buƙatar ko dala. "Baba, ku ba mu labarin zamanin gyaɗa, yadda kuka fara kasuwa." Ka kunna waya ka ajiye. Mutumin da ya wuni ana juya shi ana share shi yakan koma maigida na rabin awa, jikoki kuma su sami abin saurare bayan shekaru.

Mataki na uku: zaɓi malamin da za ya zauna da shi

Ba kowane mai ilmi ne ya dace da bakin shimfiɗa ba. Wa'azin azabar kabari na masu lafiya ne da ke yawo a kasuwa. Wanda ke kwance abin da yake buƙata shi ne hadisin Jabir da ke cikin Muslim, cewa kada ɗayanku ya mutu face yana kyautata zato ga Allah. Nemi malami mai taushin murya, mai iya zama shiru, wanda zai tuna masa alherin da ya yi da faɗin rahamar Ubangiji. In mara lafiya ya ce "me na yi wa Allah?", kada a yi masa ca da a'uziyya. Kukan ciwo ne da tsoro. A tambaye shi abin da ya fi tsorata shi. Sau da yawa sai ka ji ba kabarin ba ne, ƙananan ƴaƴan da zai bari ne. Iyalan Kirista na garin nan su ma haka za su auna wajen kiran fasto ko fada.

Akwai wata guba da ke shiga gida a wannan gaɓa, ita ce zancen sammu. Ciwo ya ƙi ci ya ƙi cinyewa, sai wani ya ce an duba, hannu ne, kuma yatsa ya nufi kishiya ko matar ɗa. Kuɗin maganin zafi su tafi wurin boka, bayan mutuwa kuma a bar mace da takaba da tuhuma a lokaci guda. In kai ne tsayayyen gidan, ka tare wannan magana tun tana raɗa. Ka sa likita ya faɗi sunan ciwon a gaban manyan dangi biyu ko uku.

Mataki na huɗu: sa'o'in ƙarshe

Alamun sukan zo a jere: barci ya yawaita, fitsari ya ragu, hannu da ƙafa su yi sanyi, numfashi ya riƙa tsayawa yana dawowa, sai kakari a maƙogwaro. Kakarin ya fi damun masu saurare a kan mai yin sa. A karkata shi bisa gefe. A ɗauka yana ji ko da bai amsa ba, saboda haka ba a zancen gado ko kuɗin likkafani a kansa. Ɗan da ke Libiya ko Legas ko Kwatano a kira shi, a kara wayar a kunnen mahaifinsa, ya nemi gafara ya yi sallama.

Talƙini a hankali ake yi. Ka faɗi La'ilaha illallahu kusa da kunnensa yadda zai ji, ba ka ce masa "faɗi" ba. In ya furta, ka bari, sai in ya sake wata magana. In bai iya furtawa ba, kada kowa ya fita yana cewa bai cika da kalma ba. Harshe na mutuwa kafin zuciya, kuma irin wannan magana takan zauna a ran ƴaƴa shekaru. Risala, wadda ake karantawa a zaurukanmu, ta kawo fuskantar da shi alƙibla da rufe masa ido idan ya cika. Ta ce wasu malamai sun yi rangwame a karanta Yasin a kansa, amma a wurin Imamu Malik ba abin da aka saba aiki da shi ba ne. To, mas'ala ce mai faɗi, kuma bakin shimfiɗar mai gargara ba wurin muhawarar Izala da ɗariƙa ba ne. A bi abin da shi mai rai ya saba.

Kafin a ɗauki makara, a ba matansa da ƴaƴansa, har ƙanana in suna so, damar ganin fuskarsa su yi masa addu'a. Muna binnewa cikin ƴan awoyi, mata kuma ba sa raka gawa kushewa. Matar da aka janye daga ɗaki tun yana numfashi, ba ta sake ganinsa ba sai labari, ita ce za ka ji bayan wata uku tana cewa har yanzu gani take kamar kasuwa ya tafi.

Mataki na biyar: zaman makoki

A sa mutum ɗaya a ƙofar ɗakin wadda aka yi wa rashi, mai iya cewa "ta ɗan kwanta, a dawo bayan la'asar." Kwana uku ana amsa "ya haƙuri" ga ɗaruruwan mutane ba barci, ko mai lafiya ya jigata. Abinci daga maƙwabta ya kamata ya fito, domin da aka kashe Ja'afar a Mu'uta cewa aka yi a yi wa iyalinsa abinci. Nana A'isha takan sa a dama talbina ga gidan da aka yi rashi, wani kunu mai laushi, ta ce ta ji Annabi (SAW) yana cewa yana sanyaya zuciyar mara lafiya, yana tafiyar da sashen baƙin ciki. Kunu mai ɗumi da nono ya fi shiga cikin mai makoki a kan tuwo.

Maganar da na fi so a daina ita ce "daina kuka, kina ƙona shi." Risala ƙarara ta ce babu laifi ga kuka da hawaye, abin da aka hana shi ne kururuwa da kukan ƙidaya. Annabi (SAW) ya zubar da hawaye ranar rasuwar ɗansa Ibrahim, ya ce ido na zubar da hawaye, zuciya na baƙin ciki, ba ma faɗin komai sai abin da Ubangijinmu ya yarda da shi. Annabi Yaƙubu ya yi baƙin ciki har idanunsa suka yi fari, kuma shi ne mai kyakkyawan haƙuri a Alƙur'ani. In ta fashe da kuka, ka matso mata da ruwa, ka bari ta gama. In kana neman abin faɗi bayan gaisuwa, ambaci wani alheri takamaimai na mamacin: "Ranar da matata ta haihu, shi ya ɗauke mu a babur tsakar dare." Irin wannan ake tunawa. A koya mata addu'ar Ummu Salama, Allahumma ajurni fi musibati wa akhlif li khairan minha.

Sadakar uku da bakwai da arba'in malamai sun saɓa a kanta, kuma ba ni ne zan raba gardamar ba. Abu biyu dai zan ce. Gidan da ke yi, kada ya ci bashi ko ya sayar da irin shuka ko akuyar mai takaba don a fita kunyar jama'a. Gidan da ba ya yi, ya sani cewa taron nan yana mayar da mutane ƙofar gidan a lokacin da aka fara mantawa da su, don haka sai ya nemi abin da zai maye gurbin ziyarar.

Yara a gaya musu gaskiya da kalmomi gajeru: "Baba ya rasu. Ciwon ya yi tsanani, jikinsa ya daina aiki, ba zai dawo ba. Ba laifin kowa ba ne." Kada a ce ya yi tafiya, don yaro zai zauna jiran mota. Ɗan ƙasa da shekara biyar bai gane mutuwa ba ta da dawowa, zai yi ta maimaita tambaya, a yi ta maimaita amsa. Fitsarin kwance ko maƙale wa uwa na iya dawowa, ba abin duka ba ne. Su koma lakwal da makarantar allo da wuri, a sanar da malamansu. Rabon marayu tsakanin kawu da gwaggo a ranar bakwai, in da hali a jinkirta shi. Wanda ya rasa uba kada a haɗa masa da rasa ƴan uwansa a mako guda.

Uwar da ta rasa ƙaramin yaro ita ce aka fi yi wa gajeren makoki, musamman daga Agusta zuwa Oktoba da zazzaɓin cizon sauro ke ɗibar yara. "Ba komai, wani na tafe," a tashi. In ɗan fari ne, alkunya ta hana ta ko ambaton sunansa. In ya zo ba rai, ko zama ba a yi, ga nono na zuba. In ta jera biyu ko uku, a laƙaba mata wabi. Mace ɗaya da ta taɓa ɗanɗana irin wannan ta riƙa shiga wurinta su keɓe, ta kira yaron da sunansa, ta bar ta ta ba da labarinsa.

Mataki na shida: bayan an naɗe tabarmi

A nan aikin yake. Zumunta a ƙafa take, don haka ka tsayar da rana ɗaya a mako, misali kowace Alhamis bayan la'asar, ka riƙe ta har a fita takaba da bayanta. "In kina buƙatar wani abu ki kira ni" ba ta da amfani, mai baƙin ciki ba ya kira.

Ka san abin da yake na al'ada don kada ka firgita. Rashin barci, mantuwa, nauyin ƙirji, fushi ba dalili, jin muryar mamacin a zaure, ganin kamar shi ne ya gifta, mafarkinsa: duk wannan ana samunsa ga masu lafiya, ba aljanu ba ne, ba taɓin hankali ba ne. Matakai biyar na baƙin ciki da ake yawan yaɗawa, waɗanda Elisabeth Kübler-Ross ta kawo a 1969, daga hirarta da masu jinyar ajali ta samo su, kuma mutane ba sa bin su a jere. Bayanin da ya fi kusa da abin da muke gani shi ne na Margaret Stroebe da Henk Schut na ƙasar Holan a 1999: mai makoki kaiwa da komowa yake tsakanin fuskantar rashin da fuskantar rayuwa, kamar manomi tsakanin rana da inuwa. In ka same ta tana dariya da jikoki ba ta manta ba ne, in ka dawo mako mai zuwa ka same ta a kwance ba ta koma baya ba ne. Abin damuwa shi ne wanda ya kafe a gefe guda.

Ga yadda zaman rabin awa zai kasance. Fara da jiki: "Gwaggo, kun samu barci? Me kuka ci yau?" Sannan ka ba ta dama ta ba da labarin ranar, ko da karo na goma ne; maimaitawar ce ke sa zuciya ta yarda da abin da kai ya riga ya sani. Kada zancen ya tsaya a mutuwarsa, ka ja shi zuwa rayuwarsa: yadda aka kawo ta gidan, abin da ke ba shi dariya, har da halinsa mai wuya, don ba mala'ika ta aura ba. In "da na sani" ta taso, da na kai shi asibiti da wuri, da ban bar shi ya hau motar ba, kada ka yi saurin cewa ƙaddara ce. Ta san ƙaddara ce. Tambaye ta: "A ranar, da abin da kuka sani a lokacin, me za ku iya yi dabam?" Yawanci da bakinta za ta gano ba ta da ilmin gaibu. In ƙirji ya toshe, ku yi numfashi tare a hankali, shaƙa ta hanci ana ƙirga uku, fitarwa ana ƙirga uku, na minti biyu. Ku rabu a kan aiki ƙarami guda kafin mako mai zuwa: ta share tsakar gida, ta koma suyar ƙuli-ƙuli rabin kwano, ta kira ƙanwarta.

Takaba wata huɗu da kwana goma ce, aya ta 234 a Baƙara, mai ciki kuma sai ta haihu. Abin da aka hana shi ne ado da turare da aure da kwana a wani gida. Fita da rana don buƙata, kamar asibiti ko neman abinci, malaman Malikiyya sun halatta. Ƙarin da wasu gidaje ke yi, irin hana ta wanka sai Juma'a ko killace ta ba mai hira da ita, ba ya cikin littafi, kuma kwana 130 a ɗaki cikin kaɗaici na iya kwantar da mai lafiya.

Rabin baƙin cikin mai takaba tsoron yunwa ne, don haka taimakon zuciya ba ya rabuwa da na aljihu. A je ofishin magajin gari a yi takardar mutuwa da wuri, musamman in ma'aikaci ne mai fansho. A raba gado kada ya shekara: tumuni ga mace ko mata in akwai ƴaƴa, rubu'i in babu. In tana cikin asusun Mata Masu Dubara, tsarin da CARE ta fara a jihar nan a 1991, ƴan ƙungiyarta su riƙe mata zubinta, su riƙa zuwa wurinta.

Maza kuwa ba mai tambayarsu. Ranar huɗu an koma kasuwa, wata biyu an fara yi masa zancen sabon aure. Namiji ba ya cewa "ina baƙin ciki," sai dai ka ga ya daina zuwa fada, ko faɗa ya yi masa yawa, ko ya fara haɗiyar tramol. Abokinsa ya ja shi gona ko su zauna shan shayi su biyu. Gefe da gefe maza suka fi magana, ba ido da ido ba. A sa ido kuma a azumin farko da Sallar farko, nan ciwon ke tashi sabo.

Mataki na bakwai: lokacin da za a nemi likita

Mafi yawan mutane da dangi da addu'a da lokaci suke miƙewa. Kimanin ɗaya cikin goma ba sa miƙewa, kuma adadin ya fi haka idan mutuwar ta tashin hankali ce. Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa wannan a kundin cututtukanta da ya fara aiki a 2022: baƙin cikin da ya zarce aƙalla wata shida, ya wuce abin da al'adar mutanen ta saba, ya hana mutum gudanar da rayuwarsa. Likitocin Amurka wata 12 suke ƙirgawa ga manya. A lissafinmu, in an fita takaba da wata biyu ko uku amma har yanzu begensa ne aikinta dare da rana, ba ta yarda ya mutu ba, ba ta iya shiga ɗakinsa ko kuma ba ta iya fita daga ciki, ta bar sana'a da kula da yara, to lokaci ya yi.

Wasu alamun ba a jira musu ko kwana ɗaya: ta daina ci da sha, tana maganar da ba kai, ko tana cewa gara ta bi shi. Tambaye ta kai tsaye, "Kina tunanin kashe kanki?" Tambayar ba ta saka wa mutum tunanin, sauƙi take kawowa. In ta ce i, kada a bar ta ita kaɗai, a kwashe maganin ƙwarin gona da na ɓera da tarin ƙwayoyi daga gidan, a kai ta asibiti ranar. Wa'azin wuta a wannan lokaci rufe mata baki kawai zai yi.

Hanya ita ce a fara da manjo, wato babban ma'aikacin jinya, a CSI, ƙaramin asibitin unguwa ko ƙauye, a nemi ya tura ku ga mai kula da lafiyar ƙwaƙwalwa a asibitin gunduma ko manyan asibitocin Maradi. Maganin wannan ciwo magana ce mai tsari. Wanda Katherine Shear ta tsara a Amurka zama 16 ne: mutum ya ba da labarin mutuwar a naɗa ya riƙa saurare, ya koma wuraren da yake gudu kaɗan-kaɗan, ya faɗa wa mamacin abin da bai samu faɗa ba, ya tsara abin da yake so ya yi da sauran rayuwarsa. A gwajin 2005, kusan rabin waɗanda aka yi wa shi sun samu sauƙi, a kan ƙasa da sulusi na waɗanda aka bi da su ta wata hanyar magana dabam. Inda ƙwararru suka yi ƙaranci, Hukumar Lafiya ta Duniya na da tsarin zama biyar da na rukuni mai zama takwas, waɗanda ake koya wa ma'aikatan da ba likitoci ba; a Zimbabuwe ma kakanni mata aka horar suna sauraren mutane a kan benci a harabar asibiti. Ƙwayar ciwon damuwa na taimakawa in akwai ciwon damuwar tare, amma ba ta cire bege. Su diyazefam kuwa, ƙwayoyin sa barci da kwantar da hankali, hukumar ta ce kada a ba da su don makoki. Ruƙiyya da addu'a su ci gaba tare da asibiti, amma ba a dakatar da magani saboda su, ba a duka, ba a ɗaure kowa da mari.

Gidajen da mutuwa ta zo musu farat ɗaya su ne za a fi sa wa ido tun daga farko. Jihar nan ta ga irinta: a Nuwamban 2021 ramin zinariya ya rufta da mutane a yankin Ɗan Isa, washegari gobara ta cinye azuzuwan zana a wata makaranta cikin Maradi, yara sama da 20 suka rasu. Ga hare-haren ƴan bindiga a ƙauyukan iyaka na Madarunfa da Gidan Rumji. A irin wannan, firgici ke riga baƙin ciki: mugun mafarki, zabura da ƙaramin motsi, hoton abin na dawowa. Kada a matsa wa mutum ya ba da labari a kwanakin farko. A tabbatar masa da wurin kwana da abinci da mutanensa, in an yi wata guda alamun ba su lafa ba a kai shi asibiti ba tare da jiran wata shida ba.

Akwai kuma wadda mijinta ya tafi ci-rani ta hanyar Agadas, waya ta yanke, ba gawa ba labari. Ba a yi mata zaman makoki, ba ta takaba, ba ta da aure ba ta rasa aure ba. Kada a matsa mata ta ce ya mutu, kada kuma a hana ta tsara rayuwarta da ta ƴaƴanta. A kai sunansa da hotonsa da inda aka ji shi na ƙarshe ga Croix-Rouge ta Nijar, wadda ke aikin neman dangin da suka ɓace. A kuma kai maganar gaban alƙali da wuri, domin a Risala wa'adin shekara huɗu da ake ɗibar wa wanda ya ɓace ba daga ranar tafiyarsa ake ƙirga shi ba, sai bayan matar ta kai ƙara an gama bincike, sannan ta yi idda irin ta mamaci.